Yadda Ake Ƙidaya Tsirrai da Ƙananan Dabbobi a Fili: Jagora ga Ɗaliban Ilimin Halittu

Tambayar da ɗalibai da malamai suka fi maimaita mini ita ce wannan: an ba mu aikin fili a darasin ilimin muhalli, an ce mu gano yawan wata ciyawa ko wani ƙwaro a wani wuri, ta ina za mu fara? Littafin aji yakan kawo ƙa'idar lissafi a layi biyu ya wuce, ba ya faɗa muku inda za ku ajiye firam, ko abin da za ku yi da tsiron da ya faɗo daidai kan layi. A nan ne kuwa aikin yake lalacewa. Lissafin kansa ba shi da wuya. Abin da ke ɓata sakamako shi ne mai ƙidayar, domin ido yana son wurin da ya fi kore, ƙafa kuma tana gudun ƙaya. Saboda haka na jera matakan nan yadda za su hana ido da ƙafa zaɓar muku sakamako.

Kayan aiki

Kuna buƙatar firam mai kusurwa huɗu, wanda ake kira kwadarat. Ba sai kun saya ba: bututun roba ko katako huɗu, a haɗa su yadda cikin firam ɗin zai zama santimita 50 a kowane ɓangare. Cikin ake aunawa, ba bayan ba, domin kaurin katako yana cin wuri. Sai tef ɗin awo guda biyu masu tsawo, ko igiya da kuka sa wa alama a kowace mita, da turaku, da kalkuleta, da littafin rubutu da fensir. Fensir ya fi biro a fili, don raɓa ba ta wanke shi. Ga aikin dabbobi kuma, ku tanadi ƙananan kofunan roba, da jan farce ko fenti marar guba, da safar hannu. Abin da aikin ya fi ci shi ne lokaci: ku ware yini guda ga tsirrai, kwana biyu ko uku ga dabbobi.

1. Ku tsai da tambaya guda da iyakar wuri

Kafin kowa ya taɓa firam, a rubuta abin da ake nema a jimla ɗaya. «Tsiro kaza nawa ne a wannan fili?» tambaya ce. «Shin tsiro kaza ya fi yawa a inuwa ko a sarari?» ita ma tambaya ce, amma tana buƙatar wurare biyu. «Za mu duba halittun wurin» ba tambaya ba ce, kuma masu fita da ita sukan dawo da littafi cike da lambobin da ba su san abin da za su yi da su ba.

Sai ku auna wurin ku kafa turaku a kusurwoyinsa. A misalinmu za mu ɗauki fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, wato murabba'in mita 600.

Hattara: ku nemi izinin mai wurin. Ku sa takalmi mai rufe ƙafa, kuma kada kowa ya cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami, saboda maciji da kunama.

2. Ku amince kan abin da kuke kira nau'i ɗaya

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ke haɗa aikin fili da darasin rabuwar halittu zuwa nau'o'i. Ma'anar da littattafai suka fi amfani da ita, wadda Ernst Mayr ya fayyace a 1942, ita ce nau'i ɗaya shi ne halittun da ke iya barbara da juna su haifi 'ya'ya, kuma ba sa cuɗanyar haihuwa da wasu rukunonin. A fili ba za ku iya gwada wannan ba, kama kawai kuke gani, kama kuma tana yaudara ta fuska biyu. Akwai dodon koɗin Turai mai suna Cepaea nemoralis: wani ɓawonsa rawaya ne, wani ruwan hoda, wani ruwan ƙasa, wani da zane wani babu, amma dukkansu nau'i ɗaya ne. A ɗaya gefen kuma, ciyayi biyu na iya zama kamar tagwaye har sai sun yi fure, sannan a ga ashe daban suke.

Abin yi shi ne ku zagaya wurin tare na minti ashirin, ku ɗauki hoton kowane tsiro da ganyensa da furensa in akwai, ku manna samfuri ɗaya a takarda. Wanda ba ku san sunansa ba ku ba shi lamba: tsiro A, tsiro B. Rashin sanin suna ba ya ɓata ƙidaya. Abin da ke ɓata ta shi ne mutum ɗaya ya kira tsiron A, abokinsa ya kira shi B.

A kula: ɗan tsiro da babbansa sukan bambanta a ganye. Haka ma tsutsa da malam-buɗe-littafin da za ta zama, da mace da namiji a ƙwari da yawa. Kada ku ƙidaya su a matsayin nau'i biyu.

3. Ku bar ƙuri'a ta zaɓi wurin ajiye firam

Ku shimfiɗa tef ɗaya a gefen tsawo, ɗayan a gefen faɗi, su haɗu a kusurwa guda. Yanzu kowane wuri a filin yana da lambobi biyu. Ku rubuta 0 zuwa 29 a guntayen takarda ku zuba a kofi ɗaya, 0 zuwa 19 a wani kofin. A zaro ɗaya daga kowanne, a rubuta, a mayar da takardun, a girgiza, a sake. Kalkuletar kimiyya ma tana da maɓallin da ke fitar da lambobi haka kawai ba tsari, yana yin wannan aikin. Idan an zaro 12 da 7, ɗalibi ɗaya ya tsaya a mita 12, wani a mita 7, su taka su shigo, inda suka haɗu nan ne wurin. Ku ɗora kusurwa ɗaya ta firam a kan wurin, kuma kullum kusurwar nan ce, kada yau ta hagu anjima ta dama.

Ku zaro dukkan lambobin kafin ku shiga filin. Na fi nacewa kan wannan fiye da komai a jagorar nan, domin idan kuna kallon wurin kuna zaro takarda, da wuya wani bai ce «a sake, nan babu komai» ba. Firam ɗin da ya faɗa a tsandauri ya ba ku sifili, kuma sifilin nan sakamako ne mai daraja daidai da 15. Duk wanda ya goge shi ya ƙara wa filin tsirran da babu su.

Gargaɗi: jefa firam ta bayan kafaɗa ba ƙuri'a ba ce, ko da wani ya koya muku hakan. Ƙarfin hannu yana da iyaka, mai jifa yakan tsaya a tsakiya, gefunan fili ba sa samun rabo. Ga kuma haɗarin buge abokin aiki.

4. Ƙidaya a cikin firam

Ku tsugunna, ku fara daga kusurwa ɗaya, ku bi layi-layi, kuna ɗaga manyan ganye don ganin ƙananan da ke ɓoye. Tsiron da za a lissafa shi ne wanda tushensa ke cikin firam. Wanda ya leƙo da ganye kawai daga waje ba naku ba ne.

To, wanda tushensa ya faɗo daidai ƙarƙashin sandar fa? Ku sa doka tun farko: na gefen sama da na hagu a ƙidaya, na ƙasa da na dama a bari. Idan kuka ɗauki na dukkan gefuna huɗu, kun faɗaɗa firam ɗin ba ku sani ba, kuma a firam ƙarami irin wannan kuskuren yana da girma.

Akwai tsirran da ba sa ƙidayuwa ɗaya-ɗaya, irin ciyawa mai yaɗo kamar kiri-kiri, wadda ba ka sanin inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Irin waɗannan ana auna yawan ƙasar da suka rufe ne. Ku ɗaura zare tara a tsaye, tara a kwance, tazarar santimita 5, firam ɗin zai rabu gida 100. Duk gidan da ciyawar ta rufe fiye da rabinsa a lissafa shi. Gida 37 na nufin kashi 37 cikin ɗari. Idan kuka tara na dukkan tsirrai ya zarce ɗari, kada hankalinku ya tashi, ganye yana hawa kan ganye.

A kula: mutum ɗaya ya riƙa ƙidaya, ɗaya ya riƙa rubutu, kuma a rubuta nan take. Kada ku tattake wuraren da ba ku kai ga ƙidaya ba tukuna.

5. Firam nawa ya isa?

Kada su gaza goma. Daga nan kuma lambobinku ne za su faɗa muku. Bayan kowane firam ku fitar da matsakaicin duk abin da kuka samu zuwa lokacin. Idan na farko ya ba da 9, na biyu 4, na uku 8, matsakaicin zai tafi 9, sai 6.5, sai 7. Da farko yana tsalle, sannu a hankali ya natsu. Idan kuka ƙara firam huɗu ko biyar bai motsa sosai ba, kun isa. Tsiron da ke fitowa gungu-gungu yana buƙatar firam da yawa fiye da wanda ya bazu ko'ina.

6. Lissafin tsirrai

A ce kun ajiye firam sau 20, kun samu tsiro 130 gaba ɗaya.

Faɗin firam ɗaya: 0.5 × 0.5 = murabba'in mita 0.25.
Faɗin da kuka duba: 20 × 0.25 = murabba'in mita 5.
Cunkoso: 130 ÷ 5 = tsiro 26 a kowace murabba'in mita.
Ƙiyasin dukkan fili: 26 × 600 = 15,600.

Idan tsiron ya bayyana a firam 14 cikin 20, yawan bayyanarsa kashi 70 ne cikin ɗari.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi cin maki shi ne a raba 130 da 20, a samu 6.5, a ninka da 600, a rubuta 3,900. Wannan 6.5 na firam ɗaya ne, firam ɗin kuma rubu'in murabba'in mita ne, ba rabi ba, ba ɗaya ba. Amsar ta ragu ninki huɗu. Kuma ku rubuta «kimanin 15,600», domin ƙiyasi ne.

7. Idan wurin yana sauyawa daga gefe zuwa gefe

Idan tambayarku ita ce yadda tsirrai ke canzawa daga bakin ruwa zuwa tudu, ko daga gindin bishiya zuwa sarari, ƙuri'a ba ta dace ba. Ku ja igiya madaidaiciya ta bi sauyin, ku ajiye firam a tazara ɗaya, kamar kowace mita biyu. A kowane zango ku auna abin da kuke zaton shi ke kawo bambancin: haske, danshin ƙasa, zafinta ko tsaminta. Ku ja layi uku aƙalla. Haske da zafi suna sauyawa da tafiyar rana, don haka a auna su cikin ɗan lokaci kaɗan, kada wannan da hantsi wancan da la'asar. Sakamakon irin wannan layi bai dace a ninka shi don ƙiyasta dukkan fili ba.

8. Dabbobi masu motsi: kama, alama, saki, sake kamawa

Firam ba ya tsare buzuzu ko fara. Hanyar da ake bi ita ce wadda ke ɗauke da sunan Johannes Petersen na Denmak, wanda ya yi wa kifi alama a ƙarshen ƙarni na 19, da Frederick Lincoln na Amurka, wanda ya yi amfani da ita kan agwagin daji a 1930. Ga ɗalibai, dodon koɗi na tudu da ƙwarin ƙasa masu tauri sun fi sauƙi.

Ranar farko ku kama iya abin da za ku iya cikin lokaci ƙayyadadde, kamar mutum huɗu na minti talatin. Ga ƙwarin ƙasa, ku binne kofi har bakinsa ya daidaita da ƙasa, ku huda gindinsa ƙananan huji don ruwa ya tsiyaye, ku zuba ɗan ganye, ku ɗora faffaɗan dutse a kan tsakuwoyi ya zama rumfa. A duba tarkon kafin awa 24 ta cika, in ba haka ba manyan za su cinye ƙananan.

Ku ɗiga alama ƙarama, ku bari ta bushe, ku rubuta adadin, ku sake su daidai inda kuka kamo su. A dodon koɗi, a sa alamar a ƙasan ɓawo kusa da baki, kada ta taɓa naman. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku dawo a lokaci irin na farko, da mutane da mintuna iri ɗaya, ku kama duk wanda kuka gani.

Adadi = (masu alama na farko × kamun rana ta biyu) ÷ masu alama a kamu na biyu.

Kun yi wa 60 alama, kun kama 50 a zagaye na biyu, 12 daga ciki suna da alama: 60 × 50 ÷ 12 = 250.

Yanzu ku duba ta inda amsar ke karkacewa, domin malamai suna son tambayar wannan. Idan ruwa ya wanke alama, ko alamar ta yi haske har tsuntsaye suka tsince masu ɗauke da ita, masu alama za su ragu a kamu na biyu, ƙiyasin ya haura gaskiya. Idan kun dawo da wuri ba su gauraya da sauran ba, ko idonku yana bin masu ɗigon fenti, za ku samu masu alama da yawa, ƙiyasin ya gaza gaskiya. Idan kuma kun daɗe ba ku dawo ba, an ƙyanƙyashe sababbi, wasu sun mutu, wasu sun shigo, wasu sun fita, lissafin ya rasa tushe.

Gargaɗi: idan masu alama da kuka sake kamawa ba su wuce biyu ko uku ba, kada ku dogara da amsar. Da 2, lissafin sama zai ba da 1,500, da 3 kuma 1,000. Dabba ɗaya ta motsa amsa da 500. Maganin shi ne ku ƙara yawan waɗanda kuke yi wa alama. Akwai kuma gyaran da Chapman ya kawo a 1951 don ƙananan lambobi: a ƙara ɗaya a kan kowace lamba cikin ukun, a yi lissafin, a cire ɗaya. A misalinmu, 61 × 51 ÷ 13 − 1 ya ba da kimanin 238.

Ku wanke hannu da sabulu bayan taɓa dodon koɗi, kuma ku bar na cikin ruwa mai kwanciya, domin wasunsu ne ke ɗauke da tsutsar da ke jawo tsargiya. Da kun gama, a tone kofunan a cike ramukan.

9. Kwatanta wurare biyu

Yawan nau'o'i kaɗai ba ya bayyana wuri. Ɗauki wurare biyu, kowanne da nau'i huɗu da tsiro 100. A na farko 25, 25, 25, 25 ne. A na biyu 85, 5, 5, 5. Kowa ya san ba ɗaya suke ba, kuma ma'aunin da Edward Simpson ya wallafa a 1949 yana nuna hakan da lamba. Ga kowane nau'i, ninka adadinsa da adadin da aka rage wa ɗaya, ku tara duka, ku raba da jimla sau jimlar da aka rage wa ɗaya, sannan ku cire amsar daga 1.

Wuri na farko: 25 × 24 = 600, sau huɗu 2,400. A raba da 100 × 99, wato 9,900, a samu 0.24. A cire daga 1, saura 0.76.
Wuri na biyu: 85 × 84 = 7,140, a ƙara 20 sau uku, ya zama 7,200. A raba da 9,900 a samu 0.73. Saura 0.27.

Wanda ya fi kusa da 1 shi ya fi bambancin halittu. Wasu littattafan suna juya rabon ne a maimakon cirewa daga 1, sai amsar ta fito 4.1 da 1.4. Duka daidai ne, amma ku faɗi wanda kuka bi, kuma a duba wuraren biyu da firam ɗaya da adadin ajiyewa ɗaya.

10. Ƙara mataki ɗaya don ganin zaɓin yanayi

Wannan ne ɓangaren da na fi so ɗalibai su gwada, domin da kayan da ke hannunsu za su taɓa darasin juyin halitta da kansu. Zaɓin yanayi shi ne yadda halittun da siffarsu ta fi dacewa da muhallinsu suka fi sauran tsira da hayayyafa. Idan dabbar da kuke kamawa tana da kama biyu, mai haske da mai duhu, ku raba rubutunsu tun ranar farko. Haka Bernard Kettlewell ya yi a Ingila da wani malam-buɗe-littafin dare mai launin barkono da gishiri, wanda baƙar kamarsa ta yaɗu a garuruwan masana'antu a ƙarni na 19. Ya ɗiga musu fenti a ƙasan fiffike, inda tsuntsu ba zai gani ba, ya sake su, ya sake kamawa. A 1953, a dajin da hayaƙi ya baƙanta kusa da Bamingam, kason baƙaƙen da suka dawo hannunsa ya kai kusan ninki biyu na masu haske. A 1955, a daji mai tsabta a Dorset, abin ya juye.

A naku aikin, kashi cikin ɗari za ku kwatanta. Idan kun saki masu haske 40 kun sake kama 16, kashi 40 ke nan. Idan masu duhu 40 ne kun sake kama 7, kashi 17.5 ne. Kafin ku rubuta cewa masu farautarsu, kamar tsuntsaye, sun fi cin masu duhu, ku tambayi kanku ko dai sun fi ɓuya daga idonku ne, ko sun fi nisan tafiya, ko sun fi gudun rana. Kowanne cikin ukun zai iya ba da waɗannan lambobin. Aikin Kettlewell ma ya sha suka kan yadda ya saki ƙwarin, har Michael Majerus ya shafe shekaru yana maimaita gwajin a Kambirij da tsari mafi tsauri, sakamakon da aka wallafa a 2012 ya tabbatar da cewa tsuntsaye suna zaɓe bisa launi.

Gargaɗi: bambancin tsira a cikin kwana biyu ba juyin halitta ba ne tukuna. Sai launin ya zama abin gado, kuma kason masu ɗauke da shi ya sauya daga zuriya zuwa zuriya. Abin da za ku iya rubutawa da gaskiya shi ne kun ga alamar bambanci a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Don haka a shafin farko na rahoton ku sa kwanan wata, da lokaci, da yanayin sama, da taswirar wurin da inda turaku suke, da girman firam, da lambobin kowane firam ɗaya-ɗaya har da sifili. Ku bar kwafi a wurin malami, yadda ɗaliban baɗi za su koma wurin nan a irin wannan watan, su bi hanyar nan, su kwatanta kason masu haske da masu duhu da naku.